Kwaɗon Asuba a Mabera

Tun da Inno ta tafi Wurno wankan jego
ni ne uwa, ni ne uba a gidan ga.
Sati biyu ina miƙa musu ɗari bibbiyu
su sayi abin da ido ya so a ƙofar makaranta,
har Modi ya dawo da harshe shuɗi
kamar wanda ya lashi baban rini.
Kulu kuwa, malamarsu ta aiko:
kafin sha ɗaya ta kife kai a benci.

Na buga wa Inno waya. Dariya ta fara yi.
"Kai da ke ɗinke babbar riga da aska takwas,
kwanon yara ya gagare ka?
Jiƙa wake da dare, farin nan.
Akwai alkama a tsohon bokitin fenti
bayan buhun gawayi."

To, ga ni.
Ladan bai ko yi gyaran murya ba,
an ɗauke wuta, tocila a haƙorana,
ina tsince tsakuwa
da yatsun da allura kaɗai suka sani.
Alkama ta kwana a ruwa, ta yi ƙiba.
Murhu guda ne, sai ta jira wake ya sauka.
Ta ce kar in cika kanwa,
ya nuna amma ya riƙe mutuncinsa:
in na matsa ƙwaya ɗaya
ta ba da kai, kada ta watse.

Na tsane su a kwando, na baza a faranti su sha iska.
Zafi in an rufe shi tsami yake haifarwa,
ranar Sakkwato kuma ba ta yi wa kwano uzuri.

Jiya na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Daji:
tumatir uku masu tauri, karas, kokwamba ɗaya,
albasar Gada mai sa magidanci hawaye,
lemun tsami na ɗari, da ɗaya gyara.
Zogalen na maƙwabci ne.
Malam Jabbi ya ce reshen da ya tsallako katanga
ya riga ya zaɓi gidansa.

Yankana ba shi da tsari,
wani ƙato, wani kamar ƙwayar gero.
Na daka ƙuli a hankali kar turmi ya tada unguwa.
Gishiri kaɗan, man gyaɗa cokali biyu,
yaji kamar ina jin tsoronsa.
Da na matsa lemu na juya,
ƙamshin ya ɗauke ni bai tambaye ni ba,
ya dire ni a fadamar Kwalkwalawa,
ina ɗan shekara bakwai, ƙafa duk laka,
kakata tana kwance ɗaurin ƙwarya
tana cewa a wanke hannu tukuna.

Kwano biyu.
Murfin na Modi ya tsage,
na ɗaure shi da ƙyallen atamfa,
ragowar ɗinkin wata amarya.
Kulu ta leƙa, ta yatsine hanci:
"Baba, wanga abincin tsohhi na."
Na ce tafi da shi,
in ba daɗi, ki kawo ƙara.

Bayan azahar ina taka keke a shago
suka faɗo da ƙura har gira.
Kwanon Modi wayam, ko wanki ba ya so.
Kulu ta tsince albasa kaf
ta jera a gefe kamar maɓallan kaftani.
Ta ce Hajo ta cinye mata rabi,
wai gobe a ƙara ƙuli.
Ƙarar ke nan da ta kawo.

Da dare na ba Inno labari,
ina ja ina ƙara masa gishiri,
jinjiri na tsala kuka ta can gefenta.
Ta bari na gama tsaf.
"Ka jiƙa na gobe?"

Ban jiƙa ba.
Na ajiye waya, na shiga laluben tocila.